Milimita Goma Sha Biyun da Na Ɓoye wa Baba

Anti,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, in da hali. Na san wasiƙu sun yi miki yawa, na kuma san yawancin masu rubuto miki maganar aure ce ko ta zumunci ke tafe da su, ni kuwa tawa maganar tayar mota ce. Kada ki ture ta gefe saboda haka. Sau uku ina fara rubutawa ina yagewa, domin ta duk inda na ɗauko zancen sai in ga ni ce marar gaskiya a cikinsa, kuma ban saba ba.

Mahaifina safiyo ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana auna filaye da hanyoyi kafin ya ajiye aiki, yanzu yana da saba'in da ɗaya. Yana da wata tsohuwar mota mai kujera biyu, irin masu gudun nan na da, gajeriya mai dogon hanci, koriya, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Tun kafin ya auri Umma ya saye ta. Umma takan ce da motar tana cin abinci, da ita za a fara zuba wa kafin kowa a gidan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a duk shekarun nan ba a taɓa yanka ko huda ko'ina a jikinta ba. Rediyo ma ya ƙi sa mata, don an ce sai an huda gabanta. Ba ya kuma tuƙa wata mota in ba ita ba, ya ce na zamani duk firji ne aka sa wa taya.

Mu biyu ne 'ya'yansa, ni da Yaya. Yaya bai taɓa damuwa da mota ba, in dai za ta kai shi inda za shi. Ni ce nake bin Baba gareji tun ina 'yar shekara shida, ni ce mai riƙe bakin tef ɗin awo, ni ce mai miƙo sufana, har ya sa mini suna Injiniya, sunan ya bi ni har gidan mijina. A wurinsa na koyi cewa ba a faɗin "kusan" a awo. In na ce kusan arba'in, sai ya ce kusan ba lamba ba ce, koma ki sake. Yanzu zanen gini nake koyarwa a wata kwaleji, ina da 'ya'ya biyu, amma duk Lahadi da hantsi ina garejin, ya miƙo mini tsumma ya ɗauki nasa.

Wata bakwai da suka wuce muka fita zagaye kamar yadda muka saba, yana tuƙi ina gefensa. Akwai wata doguwar kwana bayan tankin ruwa wadda ya sha ta fi sau dubu. Rana tsaka, kwalta a bushe, ba yashi ba komai. Muna tsakiyar kwanar sai na ga yatsun hannunsa na hagu sun buɗe daga kan sitiyari, su kaɗai, kamar an kwance su. Baba bahago ne, Anti, hannun da yake rubutu da shi ke nan. Motar ta miƙe, tayar gaba ta hau dakalin gefen titi, muka tsaya taku biyu tsakaninmu da wata mata da ke jiran bas da jaka a hannunta. Ko ihu ba ta yi ba, kallonmu kawai ta yi. Baba ya dubi gilashi ya ce tayoyin nan sun yi siriri da yawa, ba sa kama ƙasa. Ni kuma na ce, e, Baba, santsi ne. Har yau ban san daga ina maganar ta fito mini ba.

Muna komawa gida ya sa aka ɗora motar a kan jak huɗu, ya ce ba za ta sake taka titi ba sai ya sa mata faffaɗan tayoyi. Ya tara mujallu, ya cika littafi da zane da lambobi. Ni kuma daga ranar idona ya buɗe. Na lura kofin shayinsa ya koma hannun dama. Na lura Umma ta kwashe rigunansa masu maɓalli ta kai ƙasan akwati, ta ce wai sun koɗe. Ita ke yanke masa farce yanzu, wai don ba ya son neman tabarau. Sa hannunsa a takarda ya zama kamar na wani. Kowa a gidan ya gani, ba wanda ya ce uffan. Asibiti kuwa rabonsa da shi tun da aka cire masa haƙori.

Bari in ɗan yi miki bayanin awon, don ƙaryar tawa a cikinsa take. Tayoyin motar na asali a kan rim, wato ƙarfen da ake ɗaura robar a kansa, mai faɗin inci biyar suke, Baba yana son mai inci bakwai. Ba sayowa kawai ake yi a ɗaura ba. Kowace taya tana zaune ne a cikin wani ɗan kogo. Daga waje akwai leɓen ƙarfen jikin motar da ya lanƙwaso a kanta, daga ciki akwai shoka, ƙarfen da ke shanye girgizar hanya. In rim ya fito waje da yawa, taya za ta goge leɓen duk sanda aka sha kwana ko aka faɗa rami. In ya shige ciki da yawa, za ta goge shoka. Abin da ke raba gardamar shi ne zurfin bayan rim, wato daga inda yake manne da ƙafar motar zuwa bakinsa na ciki. Lamba ɗaya ce tak, da ita ake yin oda.

Kafin ranar awon na biya ta wurin Dogo, bakaniken da ke duba motar tun ina goye. Na tambaye shi ra'ayinsa kamar da wasa. Ya ce sitiyarin motar nan ba shi da wani injin da ke taya shi, ƙarfin damtse ne zalla, in aka sa mata inci bakwai sai mai hannu biyu lafiyayyu ya yi gumi kafin ya juya ta a ƙofar gida, kuma faffaɗar taya tana bin duk wani kwari da ke kan kwalta, tana fizgar sitiyari. Yana goge hannu yana maganar, bai dube ni ba. Sai da na juya zan tafi ya ce, "Injiniya, tayar nan ba ta da laifi, ke ma kin sani."

Ranar Lahadi Baba ya miƙo mini tef da rula, ya ce gwiwoyinsa ba za su bar shi ya kwanta a ƙasa ba. Na shiga ƙarƙashin motar, na saki zare mai dalma daga leɓen, na aza rula, na sa ya juya sitiyari har ƙarshe ta nan da ta can. Inci bakwai zai shiga. Da ƙyar, da ratar da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsa ba ta kowane gefe, amma zai shiga, in zurfin ya zama milimita ɗari da sha huɗu. Ina kwance ina kallon lambar, shi yana zaune kan kujerar roba da littafinsa a cinya. Ya ce, "Nawa, Injiniya?" Na ce ɗari da biyu.

Abin da na lissafa a raina shi ne, muddin tayoyin ba su shiga ba, motar tana kan jak, Baba yana gida. Na ɗauka zai gaji ya haƙura.

Bayan mako uku kayan suka iso. Aka ɗaura, aka sauke motar, aka juya sitiyari, sai ga ƙarar roba tana cin ƙarfe. Na ce wataƙila tef ne ya zame mini. Ya sake miƙo mini shi. Na sake kwanciya, na sake ganin ɗari da sha huɗu, wannan karon na ce ɗari da ashirin da shida. Mai tayoyin, wanda Baba yake hulɗa da shi shekara ashirin, ya karɓi na farkon yana gunaguni, ya kawo na biyu. Su kuma suka manne da shoka, ko juyawa ba sa yi. Da muka mayar, mutumin ya ƙosa, ya ce a gaban mutane, Baba a samo wanda ya iya awo mana. Baba ya miƙe tsaye, ya ce, "'Yata ce ta auna. In ta auna, an auna." Ya fice, bai sake gaishe shi ba har yau. Ina tsaye a wurin, Anti. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yanzu ga inda muke. Baba ya ce tunda waje ya goge, ciki ya goge, to wuri ne babu, sai a yi wuri. Ya aika aka karɓo na farkon, masu ɗari da biyu, ya kuma kira mai gyaran jikin mota ya zo ranar Asabar da safe ya yanke leɓen ƙarfen duk huɗun. Motar da ya hana a huda don rediyo. Jiya na tarar ya ja layin da za a bi da alli, da kansa. Mutumin da yake jan layi ba rula a ɗauka na'ura ce ta ja, layin nan kamar sawun tsutsa. Na shiga bayan gida na yi kuka na wanke fuska na fito.

Yaya ya ce a waya in cire batir in ɓoye makulli, shi ke nan, me ake ta wani dogon zance. Shi ba ya garin, faɗa ba ta yi masa wuya. Umma ta ce in bar shi ya yi abin da yake so, motar nan ce kaɗai abin da yake tashi dominsa da safe, in aka taɓa ta an taɓa ransa. Ba ta san abin da na yi ba. Mijina kaɗai ya sani, shi kuma ya ce in faɗi gaskiya kawai, amma ba shi ne Baba zai kalla ba.

In na faɗi lambar gaskiya, tayoyin za su shiga, ya hau titi da sitiyarin da ya fi ƙarfin hannunsa. In na yi shiru, a yanka motar saboda ƙaryata, kuma duk da haka ya hau titin. In na yi maganar hannun, ban san abin da zai rage na Baba ba, ban kuma san ko zai sake miƙo mini tef ba. Har na yi tunanin kiran mai yankan a ɓoye in roƙe shi ya ce ba shi da lafiya, sai na ga ƙarya ta uku ke nan. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai a kan abin da ya fi yarda da ni a kai. Ki gaya mini abin yi, Anti. Ko zagina ne ki yi, zan ɗauka.

'Yar safiyo

*

'Yar safiyo,

Ba zan zage ki ba, kin riga kin yi wannan aikin da kanki kuma kin iya. Na karanta wa bakanikena ɓangaren awon, ya ce wannan ta san aiki, ya tambaya ko kina neman wuri. Ban gaya masa abin da kika yi da sanin ba.

Mu fara da inda kike da gaskiya, don yana da yawa. Abin da Dogo ya faɗa miki haka yake, nawa bakaniken ma bai ƙara ko kalma ba. Faffaɗar taya a motar da sitiyarinta ke jiran damtse nauyi take ƙarawa, kuma nauyin a hannu yake sauka. Tsoronki ba na banza ba ne. Kin ga abin da kika gani a kwanar nan, kuma akwai wata mata da ta koma gida ran nan ba ta san sunanku ba. Duk wanda zai ce miki ki bar dattijo ya ji daɗinsa, ki tuna masa da ita.

Inda kika kauce shi ne hanyar. Kin zama likita, kin duba marar lafiya, kin yanke masa hukunci, kin kuma zartar, duk ba tare da shi ya san an yi zaman ba. Kin samu wata bakwai ba ya kan titi, wannan riba ce. Amma wata bakwai ɗin nan ne kuma hannunsa ya yi ba wanda ya duba shi. Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa ciwon suna daga wasiƙa ba. Abin da na sani shi ne, hannun da ke saki ba abu ɗaya ke kawo shi ba. Akwai wanda jijiya ce ta matse a wuya ko a gwiwar hannu, a yi magani a warke. Akwai kuma wanda gargaɗi ne na abin da ya fi shi girma, kuma irin wannan ba ya son jira. Gidanku ya shagala da ɓoye rigunan maɓalli da yanke farce, kowa yana ta kirki a ɓoye, ba wanda ya yi abu ɗaya da zai amfani mutumin. Na ga gidaje da yawa irin wannan. Ƙauna ce, ban musa ba, sai dai ƙaunar da ta fi tsoron fuskar mutum a kan lafiyarsa.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a wasiƙarki, wanda na yi mamakin malamar zane ba ta gani ba. Ni da lissafi mun rabu tun aji uku na sakandare, ba tare da kewar juna ba. Duk da haka, da na ga ɗari da biyu ya goge waje, ɗari da ashirin da shida ya goge ciki, sai na haɗa su na raba biyu a gefen takardar. Kin san abin da ya fito. Kin kauce da sha biyu ta nan, kin kauce da sha biyu ta can, don ko ƙarya za ki yi sai kin yi ta daidai wa daida. To, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana neman tsakiyar maki biyu, da littafi a cinyarsa, shi ne bai gwada tsakiyar ba?

Amsa uku na hango. Ko dai ya yarda da ke har ba ya so ya lissafa. Ko kansa ya fara kasa abin da da yake yi ido rufe, wanda in haka ne maganar likita ta ƙara gaggawa. Ko kuwa ya sani sarai. Ki duba da kyau: ba ke kika hau da motar kan jak ba, shi ya sa aka hau da ita, ranar da abin ya faru. Shi ya kafa wa kansa sharaɗin da ya hana shi fita. Shi ya miƙo miki tef ya ce gwiwa ce. Mai hannun ya riga kowa sanin hannunsa ya saki, yana wurin lokacin da abin ya faru. Ba zan rantse ba, amma ba zan yi mamaki ba in alli da mai yanka da ranar Asabar duk hanya ce ta dattijon da ya gaji da wasan, yana jira ya ga ko akwai wanda zai tsayar da shi ya yi masa magana kamar babba. Kowace daga cikin ukun ce gaskiya, ƙofa ɗaya suke nuna miki.

Ga yadda zan yi da ni ce ke. Ki same shi a garejin, ku biyu, ba Umma, ba Yaya a waya. Ki fara da naki laifin kafin ki taɓa nasa raunin, domin wanda aka fara ba haƙuri ya fi iya jin abin da ke biye. Ki rubuta ɗari da sha huɗu a littafinsa da hannunki, ki ce wannan ce lambar, sau biyu na gan ta, sau biyu na faɗi wata. Zai tambaye ki dalili, ko ya yi shiru, wanda shi ma tambaya ce. Sai ki faɗi abin da kika gani a kwanar, yadda kika faɗa mini, ba ƙari ba ragi: yatsun sun buɗe, kwalta a bushe, na ce santsi ne don na ji tsoro. Kada ki ce ya tsufa. Kada ki ce ya daina tuƙi. Ba ki da wannan hukuncin, kuma ba ki san ko haka ne ba. Abu biyu kawai za ki roƙa: a ɗage yankan, kuma ku je a duba hannun tare kafin motar ta sauka. Ki riga ki nemo ranar ganin likitan kafin ki shiga, don roƙon da ba rana a jikinsa sai ya zama hira.

Kada ki kira mai yankan a bayan idonsa. In za a dakatar da shi, Baba ne zai ɗaga waya. Shawarar Yaya kuwa ki mayar masa da abarsa cikin ladabi. Safiyon da ya rayu da motar nan fiye da shekara arba'in ba zai rasa inda ake sayar da batir ba, abin da kawai zai koya shi ne 'ya'yansa sun fara ɓoye masa abubuwa kamar ƙaramin yaro. Umma ta fi kusa da gaskiya, amma rabinta ta riƙe. Motar ce take tashinsa da safe, haka ne, sai dai ba a kan titi kaɗai mota ke zama ta mutum ba. Bayan kin yi magana da shi, ki gaya mata komai. Ta daɗe tana ɗauke da nata kason ita kaɗai.

Sai maganar tayoyin kansu, tunda ita kika ce ta kawo ki. Ki yi wa Baba adalci guda: ki duba shekarun tayoyin da ke jikin motar, akwai lamba huɗu a gefensu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su. Motar da ake lallaɓawa irin wannan takan yi shekara goma sha da taya ɗaya, zanen bai cinye ba amma robar ta bushe ta yi tauri. In haka ne, ƙorafinsa na cewa ba ta kama ƙasa yana da ƙamshin gaskiya, ko da ba shi ne abin da ya faru ran nan ba, kuma yana da kyau ya ji kin ba shi wannan. Maganinsa sabuwar roba mai kyau a faɗinta na asali, ko a ɗan ƙara kaɗan a kan rim mai inci biyar da rabi ko shida, a kuma kula tsayin tayar gaba ɗaya kada ya canza, don kada allon gudu ya fara ƙarya shi ma. Wannan zai shiga ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Inci bakwai na masu tsere ne da masu son a kalle su, Babanki kuwa ban ji alamar ko ɗaya a jikinsa ba.

Ba zan yi miki alkawarin zai rungume ki ba. Zai iya yin fushi, kuma yana da hakki. Zai iya daina kiranki da sunan da ya sa miki na wasu makonni, ki daure, ki ci gaba da zuwa ranar Lahadi ko da tsumma kawai zai miƙo miki ba magana. Zai ma iya cewa duk da haka a yanka. In ya faɗi haka bayan ya ji gaskiya duka, ki yi baƙin cikinki ki ƙyale shi, motarsa ce. Titi ne ba nasa ba. A kan wannan kaɗai za ki tsaya ba ja da baya, a fili, da bakinki, har sai likita ya yi magana. Idan ƙura ta lafa kuma, ki je wurin mai tayoyin nan ki ce masa shi ne mai gaskiya. Mutumin ya yi asarar abokin shekara ashirin a kan laifin da ba nasa ba, kuma gyaran wannan a hannunki yake.

Ki je ranar Alhamis, kada ki bari sai Juma'a. Dattijo yana bukatar kwana guda cur ya yi fushinsa a tsanake, sannan ya samu sauran lokacin da zai ɗaga waya da kansa, ya ce wa mai yankan ya dakata, ba tare da ya ji an tura shi ba.

Allah ya sa abin da ke damun hannun mai sauƙi ne, ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar buɗe baki, ya kuma bar ku tare shekaru masu yawa.

Anti